Me Ya Sa Mai Kyakkyawan Fata Ya Fi Jure Aiki?

A 1986, masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke Martin Seligman da abokin aikinsa sun wallafa bincike kan dillalan kamfanin inshora na Metropolitan Life, masu wuni suna buga waya ana kashe musu a kunne. Masu kyakkyawan fata sun fi sauran ciniki da kashi 37 cikin ɗari a shekaru biyun farko na aikinsu.

Bambancin yana ga yadda mutum ke ɗaukar faɗuwa. Wani zai ce, "Ni ba ni da sa'a," ya kwashi damuwa zuwa gida, barci ya ƙaurace masa. Wani kuwa zai ce, "Gobe ma rana ce," ya sake gwadawa. Sai dai fata kaɗai ba ya cika tukunya: ma'aikaci na buƙatar albashin kirki da hutu.