Ɗan Baka da Garkuwa: Dokar Wasa a Ma'aunin Tarihin Kontagora

Akwai wani wasa da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, sunansa Dungeons & Dragons. Ba ya buƙatar kwamfuta ko waya. Mutum huɗu ko biyar ne ke kewaye tebur, kowa da takarda da fensir, ɗaya yana jan labari, sauran kuma kowa ya zama jarumi guda a cikin labarin: wannan mai takobi, wancan maharbi. Idan jarumi ya kai hari, sai a jefa wani irin ɗan ludo mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya sami abokin gaba ko ya kuskure. A littafin dokokin da aka fitar a 2014 an ce baka makami ne na hannu biyu, don haka wanda ya ɗaura garkuwa ba zai iya harbi ba, kuma kwance ta ko ɗaura ta yana cinye masa aikin zagaye guda. Masu wasan da dama suna ganin wannan takurawa ce. Ni kuwa ina ganin dokar ta yi daidai, kuma duk wanda ya san yadda aka yi yaƙi a ƙasar Kontagora zai gane dalili.

A fara da jikin ɗan baka. Hannun hagu ya damƙe baka ya miƙe gaba, hannun dama ya zaro kibiya daga kwari, ya ɗora bakinta a tsirkiya, ya ja har kusa da fuska, sannan ya saki. Babu hannun da ya huta ko na ƙiftawar ido. Garkuwar mayaƙanmu kuwa ƙirgi ce busasshiya, mai faɗi, mai nauyi, kuma amfaninta shi ne a riƙa juya ta zuwa inda mashi ko kibiya ke tahowa. Wanda ya rataya ta a hannun da ke riƙe da baka ya ɓata saitinsa, kuma a lokacin da ya miƙa hannu don harbi gefenta ne ke fuskantar maƙiyi, ba fuskarta ba. Ya yi biyu babu. Shi ya sa rundunonin Daular Usmaniyya suka raba aiki: ga 'yan baka da kibau masu dafi, ga dakaru masu takobi da garkuwa, ga barade, ga 'yan lifidi waɗanda su da dawakinsu ke lulluɓe da auduga mai kauri saboda tsoron kibiya. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu ba su da dawaki sai 'yan kaɗan, amma 'yan bakansu suka tarwatsa dawakin Sarkin Gobir Yunfa. Da wannan tsarin yaƙi Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya sauko kudu ya kafa Kontagora a 1864, kuma da shi ɗansa Ibrahim ya ci gaba har Turawa suka ci garin a farkon 1901. Ba a ɓangare guda kawai baka yake ba. Kambari da Gwari da sauran al'ummomin da hare-haren kama bayi suka addaba su ma da kwari da baka suka kare kansu, duwatsu da kurmi suna yi musu aikin da garkuwa ke yi wa wasu.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. Zane-zanen dutse na Assuriyawa da ke nuna yaƙin Lakish na shekara ta 701 kafin haihuwar Annabi Isa, waɗanda yanzu ke gidan tarihi na Landan, suna nuna maharbi yana jan baka, gefensa kuma wani mutum daban yana riƙe masa doguwar garkuwa. A yaƙin Crécy na 1346 a Faransa, maharban Janowa sun shiga fage ba tare da manyan garkuwoyin da suka saba kafawa a ƙasa su fake ba, domin an baro su baya da kaya, sai kiban Ingila suka yi musu mummunar ɓarna. Ɗan baka yana buƙatar kariya, wannan babu musu. Sai dai kariyar tasa daga wani take zuwa, ko daga ganuwa, ko daga nisan da ke tsakaninsa da maƙiyi.

Mai ja da wannan magana zai ce ai an taɓa samun maharba masu garkuwa, kuma gaskiya ne. Mahayan Turkawa na da sukan rataya ƙaramar garkuwa zagayayya kuma su yi harbi, kuma shi kansa wasan, a bugunsa na 2003, ya yarda maharbi ya ɗaura ƙaramar garkuwa a damtse. Amma a duba abin da aka ba ta: maki ɗaya na kariya, rabin na babbar garkuwa a dokar 2014. Wato ko a can an yarda cewa wanda ya zaɓi harbi dole ya rage wani abu. Wani kuma zai ce wasa ne da ake yaƙar dodanni a cikinsa, me ya kawo zancen gaskiyar tarihi? Amsar tana cikin lissafi. Garkuwa tana ƙara maki 2. Idan maƙiyi yana buƙatar 11 zuwa sama kafin ya same ka, fuska 10 cikin 20 ke nan. Da garkuwa sai ya buƙaci 13, wato fuska 8 kacal. Mai takobi ya sami wannan sauƙi ne domin shi ke tsayawa inda sara ke sauka. Idan aka ba maharbi, wanda tun farko yana can nesa, an haɗa masa riba biyu, kuma babu sauran dalilin da zai sa wani a teburin ya yarda ya zama mai tsayawa gaba. Daga nan kowa sai ya zama jarumi iri ɗaya, labarin ya mutu.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne cewa dokar ba ta bar ɗan baka a fili ba. Ta ce wanda wani abu ya rufe rabin jikinsa, ko katanga ce, ko kututture, ko ma wani mutum, yana samun ƙarin maki 2, daidai da na garkuwa. Akwai kuma salon faɗa da ke ba mai garkuwa damar tare harin da aka kai wa abokinsa muddin suna dab da juna. Ashe littafin ya ba maharbi garkuwa, ya dai danƙa ta a hannun abokinsa, kamar yadda Assuriyawa suka yi, kamar yadda rundunar Nagwamatse ta raba aikinta.

Wannan yana da amfani ga matasanmu masu rubuta labarai da masu sha'awar ƙirƙirar wasanni, domin kayan aikin duk suna gida. Wanda zai tsara irin wannan wasa a kan ƙasar Kontagora ta ƙarni na 19 yana da Sarkin Baka da mutanensa, yana da ɗan lifidi da kibiya ba ta cika huda shi ba amma nauyi ke saurin gajiyar da dokinsa, yana da dafin da ke sa ƙaramin rauni ya zama ajali. Ya kamata kuma ya bar kujera a teburin ga Bakambaren da ke tsaron ƙauyensa daga kan dutse, wanda ba shi da doki, ba shi da sulke, sai kwarinsa da sanin hanyoyin daji, a ba shi maki 2 na fakewa muddin bai sauko fili ba.