Dokin Kara a Ƙasar Hausa da a Waƙar Farisa: Wasa Ɗaya, Ma'ana Biyu

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba wani wasan yara wanda ake raina wa daraja, watau dokin kara, da nuna yadda al'ummu biyu suka fahimce shi.

Dokin Kara a Lafani

A ƙauyukan kan iyaka irin su Lafani ta ƙasar Illela, kusa da Birnin Ƙonni, kaka ita ce lokacin wannan wasa, domin a sannan ne karan dawa da na gero suke wadata. Yaro yakan zaɓi kara mai ƙwari, ya lanƙwasa kansa, ya ɗaura masa linzamin igiya ko na tsumma, ya haye. Daga nan sai yara su zaɓi sarkinsu, wasu su zama fadawa, wasu maroƙa, a yi ta sukuwa ana kai gaisuwa kamar yadda suka gani a hawan Salla. Ta haka yaro yake koyon wa ke gaba, wa ke baya, da yadda ake magana a gaban manya, tun kafin kowa ya zaunar da shi ya karantar da shi.

Dokin Kara a Masnawi

Yaran ƙasashen Farisa ma sun hau irin wannan doki, na karan gora. Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a Konya a 1273, ya kawo shi a littafi na farko na Masnawi, waƙarsa mai littattafai 6. A can ya kwatanta masu bin ruɗin duniya da yaran da suka hau kara suna cewa Buraƙa ce. Abin lura a wurinsa shi ne, mahayin ne yake ɗauke da dokin, alhali yana zaton dokin ne yake ɗauke da shi. Tushen wannan kwatanci kuwa shi ne ayoyin Alƙur'ani masu siffanta rayuwar duniya da wasa, ayoyin da malaman wa'azi na ƙasar Sakkwato su ma suka dogara da su.

Kammalawa

Ashe ke nan, abin da Bahaushe ya mai da makarantar ladabi, shi ne mawaƙin Farisa ya mai da gargaɗi ga manya. Wanda bai taɓa ganin wasan ba, da wuya ya gane baitocin. Saboda haka ya kamata manazarta su rubuta ƙa'idojinsa da kalmominsa daga bakin dattawan da suka yi shi, tun suna raye.