Gyara Kayanka: Yadda Ake Ɗaga Muryar Mawaƙi Waƙa Na Cikin Tafiya

A ce ku ɗaliban wata sakandare ne a Bagudo. Kun haɗa waƙar bikin yaye ɗalibai, baiti biyu da Hausa, ɗaya da Dandanci saboda abokanku na yankin Lolo da Illo. Kun tara kuɗin tara kun biya situdiyo, kun kwashe yini guda kuna daidaita sauti. Da kuka tura waƙar a waya kuka kunna a bakin kasuwa, sai baiti na biyu ya ɓace: kalangu ya danne murya, ƙarar babura ta ƙarasa sauran. Biki saura kwana biyu. Za a sake aikin daga farko ne?

Amsarmu ita ce a'a. A wannan makon mun kawo muku wata dabara da masu haɗa sauti ke amfani da ita a irin wannan hali.

Layin da ke tuna motsin hannu

A kowace manhajar haɗa waƙa, murya da kalangu da fiyano kowanne na da nasa layin, kuma kowane layi na da maɓallin da ake zamewa sama ko ƙasa don ƙara ko rage sauti. Masu situdiyo na kiransa feda. Matsalar ita ce mawaƙi ba ya waƙa da ƙarfi ɗaya. Yakan ɗaga murya a amshi, ya sassauta a ƙarshen baiti, wani lokaci ya kauce daga makirfo.

A da, injiniyoyi kan taru su biyu ko uku a gaban teburin haɗa sauti, kowa da fedojin da zai riƙa motsawa yayin da kaset ke juyawa. Idan ɗaya ya yi kuskure, sai a koma farko. A shekarun 1970 aka fara ƙera teburan da ke haddace motsin hannu su maimaita shi da kansu. Wannan shi ake kira otomeshin. A kwamfuta yana bayyana kamar zare a kan hoton sautin, yana hawa yana sauka.

Mu a ƙasar Kabi ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Duk wanda ya saurari waƙoƙin fada irin na marigayi Sani Aliyu Ɗandawo ya san makaɗa kan sassauta hannu idan ubangida zai zuba magana, su dawo da ƙarfi idan 'yan amshi sun karɓa. Abin da kwamfuta ke kwaikwayo ke nan.

Hanyoyi huɗu na rubuta zaren

Manhajoji irin su Pro Tools da Cubase da Logic Pro da Reaper suna da zaɓi kusan iri ɗaya. Idan aka zaɓi Write, duk inda waƙa ta bi sai ya goge tsohon zare ya rubuta sabo. Touch yana rubutu ne kawai lokacin da hannu ke kan feda, da an saki sai ya koma kan tsohon zaren. Latch kuwa ko an saki yana ci gaba da rubutu a inda aka bar shi har sai an tsayar da waƙar.

Duka ukun suna maye gurbin abin da suka tarar. Na huɗun, wato Trim, shi ne ya bambanta. Ba ya goge komai. Yana ɗaukar zaren da kuka riga kuka wahala a kansa, da duk hawa da saukarsa, ya ɗaga shi ko ya sauke shi gaba ɗaya gwargwadon yadda kuka motsa hannu, waƙar kuma na cikin tafiya kuna ji da kunnenku.

Ga lissafin. Ana auna sauti da desibel. A ce a baiti na biyu kun ajiye farkon layi a -8, tsakiya a -5, wata kalma da mawaƙi ya haɗiye kuma a -3. Idan kuka ɗaga da desibel 2 ta hanyar Trim, za su koma -6 da -3 da -1. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta canza ba. Da Write kuka yi amfani da shi, da duka ukun sun tafi. Ashe lissafin lambobin ƙasa da sifili da ake koya mana a aji yana da ranarsa.

In FL Studio gare ku fa?

FL Studio manhaja ce ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam. A nan dabarar ita ce a raba aikin gida biyu. Ku ɗora Fruity Balance a layin murya, ku zana zarenku na farko a kan maɓallin sautinsa, ku bar fedar mikisa babu komai a kanta. Duk lokacin da kuka motsa fedar, zaren gaba ɗaya zai hau ko ya sauka, domin desibel na matakan biyu haɗuwa suke yi. Idan baiti ɗaya kawai kuke son gyarawa, sai ku danna maɓallin ɗauka, ku zaɓi ɗaukar otomeshin, ku kunna waƙar ku motsa fedar a daidai wurin. A Reaper ma, zaɓin Trim/Read yana barin zare ya yi aikinsa, feda kuma ta daidaita ƙarfin layin baki ɗaya.

Kafin ku taɓa komai

Ku fara ajiye kwafin aikin da wani suna daban, musamman da yake wuta na iya ɗaukewa a kowane lokaci. Ku kunna waƙar daga ɗan nesa da wurin gyara, don hannu ya shirya. Ku motsa kaɗan: desibel 1 zuwa 2 yakan isa, domin ƙarin desibel 6 ninka ƙarfin siginar yake yi. Ku sa ido a kan mitar ƙarshe. Idan ta haura sifili ta yi ja, sautin zai fashe idan aka fitar da waƙar. Wani lokaci ma rage kalangu ya fi ƙara murya amfani. In kun gama, ku tabbata kun kashe ɗauka, kada ku rubuta a kan aikinku ba da sani ba.

Sannan ku gwada a inda za a saurara. Waƙar da aka yi a Bagudo ba a situdiyo za ta zauna ba. Za ta bi WhatsApp da Bluetooth da katin memori ta kai Tsamiya da Ka'oje, ta haye iyaka zuwa Segbana ko kasuwar Malanville a Jamhuriyar Benin, inda da yawan masu sauraro Hausa ba ita ce harshensu na farko ba. Irin wannan mai sauraro, a ƙaramar lasifikar waya, idan kalma ɗaya ta nutse, ma'anar baitin duka ta kuɓuce masa.

Ku kula da kunnenku

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Mai haɗa waƙa kuwa kunnensa ne jarinsa. Ku yi aiki da sauti daidai yadda za ku iya hira da na kusa da ku, kuma ku riƙa hutawa, domin kunnen da ya gaji yana yaudarar mai shi ya yi ta ƙarawa.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan hutu ya zo kuka samu kwamfuta, ku ɗauki muryar ɗayanku yana karanta sakin layi guda a kan kiɗa, ku zana mata zare, sannan ku ɗaga rabin ƙarshe da desibel 2 ba tare da kun ɓata zaren ba. Ku rubuto mana yadda ta kaya.