YADDA ZA KA ƊUMAMA KOMIN RENON TATTASAI DA TUMATIR LOKACIN HUNTURU

Manomi, idan kana noman rani a fadamun Boɗinga, Sifawa da Dancaɗi, ko a bakin madatsar ruwa ta Shagari, ka san abin da ɗari yake yi wa iri. Ka yafa tattasai ko attarugu a watan Disamba, ka yi ta ban ruwa har mako uku, shiru. Sai ka ce mai iri ya cuce ka. Sau da yawa irin lafiyarsa lau, ƙasa ce ta yi sanyi.

ME YA SA IRI YAKE JINKIRI?

A ƙasar Sakkwato, a Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan kai digiri 15 a ma'aunin Salsiyas, wani lokaci ma ƙasa da haka, musamman a kwari. Irin tattasai yana son ƙasa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30. A irin wannan ɗumi yakan tsiro cikin kwana 8 zuwa 10, amma a digiri 15 sai ya kai wajen kwana 25. Tumatir da kan fito cikin kwana 6 sai ya ɗauki mako biyu. Irin da ya daɗe a jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa, ruɓewa yake yi. Albasa ba ruwanta, ita dama sanyi take so.

A ƙasashen Turai sukan gina ɗakin gilashi, su ɗumama shi da gas ko lantarki. Mu Allah ya ba mu rana kyauta. Aikinka shi ne ka bar komi ya sha zafinta da rana, ka hana ɗumin nan tsira da dare.

ABUBUWAN DA ZA KA YI

1. Zaɓi wuri. Yi komin reno a ɗan tudu inda rana take faɗawa tun da hantsi. Kada ka yi shi a gindin itace ko a can cikin kwari, domin nan sanyi yake kwanciya.

2. Kafa darni. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Kafa darnin karan dawa ko zana, mai tsayi kamar na mutum, a arewa da gabashin komin. Bar kudu da yamma a buɗe.

3. Gyara komin. Faɗinsa kada ya wuce ƙafa 3, yadda hannunka zai kai tsakiya. Cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin gargajiya. Shuka a layi, inci 4 tsakanin layi da layi, zurfi kada ya wuce rabin inci.

4. Rufe da ciyawa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa sama-sama. Riƙa ɗagawa kana dubawa kullum. Ranar da ka ga tsiro, kwashe ta.

5. Yi rumfa ta dare. Lanƙwasa tsumagu a kan komin, tsayin ƙafa ɗaya da rabi. Bayan la'asar, tun ƙasa tana da ɗumi, lulluɓe da farar leda, ka danne gefenta da ƙasa, ka ɗora zana ko tsofaffin buhuna a kai. Kada leda ta taɓa ganye.

6. Buɗe da hantsi. Wannan shi ne inda mutane da yawa suke asara. Ko a tsakiyar hunturu, ranar Sakkwato takan wuce digiri 30. Ka manta da leda har azahar, to, ka dafa shukarka da hannunka.

BAN RUWA

Ba da ruwa da hantsi, bayan ka buɗe rumfa. Ruwan yamma yana kwana a komi, ya ƙara sanyi, ya jawo ciwon da yake ruɓar da gindin tsiro har ya faɗi. Ka jiƙa ƙasa kawai, kada ka mai da komin tafki.

ƊUMI DAGA ƘARƘASHI

Idan kana da doki ko jaki, ga wata dabara. Haƙa rami mai zurfin ƙafa 2, zuba ɗanyen kashinsu haɗe da ciyawa, yayyafa ruwa, tattake, sannan ka rufe da ƙasa mai kyau inci 6. Yayin da takin yake ruɓewa zai riƙa fitar da ɗumi na makonni. Amma jira kamar mako guda zafin farko ya sauka. Cusa hannu a ƙasar: idan ɗumi ka ji, shuka, idan zafi ne, ƙara jira.

GARGAƊI

Kada ka hura wuta ko ka ajiye kaskon garwashi kusa da komi. Darni da zana da leda duk abincin wuta ne, iska kuma tana kaɗawa. Gobarar hunturu ba ta tsayawa a gonar mutum ɗaya.

KAFIN DASHE

Saura mako guda ka dasa, daina rufewa da dare kuma ka rage ruwa, don shukar ta saba da fili. Dasa da yamma idan ta yi ganye 4 zuwa 6.

Idan kana da tambaya, nemi malamin gona na yankinku. Allah ya ba da amfani mai albarka.