Yadda Ƙwaro Ke Yaɗa Cutar Girinin a Gonar Lemo

Manomi, ka riƙa duba sabon tohon lemonka. A nan ne ƙwaron silid, wanda tsawonsa bai wuce milimita 4 ba, yake tsotsar ruwan ganye. Idan ya tsotsi bishiya mai cutar girinin, yakan kwashi ƙwayoyin bakteriya, ya zuba su da yawunsa cikin lafiyayyar bishiya. Daga nan jijiyoyin da ke kai abinci saiwa su toshe, ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya, 'ya'ya su karkace su yi ɗaci.

A 2020 an ba da rahoton ɓullar silid na Asiya a Jihar Oyo. Cutar ba ta da magani. Saboda haka ka sayi dashe daga amintacciyar gonar reno, ka yi feshi lokacin toho. Bishiyar da ta kamu kuwa, ka feshe ta tukuna, sannan ka tumɓuke ta.