Dajin Talabijin Daban, Dajin Allah Daban

Duk mai tauraron ɗan'adam a gida, ko mai yawan leƙa YouTube da TikTok, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin shirin nan ba. A ɗauko Bature a jirgi mai saukar ungulu, a dire shi a ƙungurmin daji, daga shi sai wuƙa da gorar ruwa, a ce ya nemi hanyar fita. Ya tono saiwa ya gatsa, ya ɓamɓare ɓawon itace ya zaƙulo tsutsa ya haɗiye, ya tsinki wani ganye ya kalli kyamara ya ce wannan ana ci. Shirye-shiryen suna da daɗin kallo, babu musu. Abin damuwar shi ne yara da matasa da dama sun fara ɗaukarsu a matsayin darasi, suna ganin duk wanda ya kalla ya iya zama a daji.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Bear Grylls, tsohon sojan Birtaniya, wanda tashar Discovery ta fara nuna shirinsa mai suna Man vs. Wild a 2006. Shi ne mutumin da aka nuno a Kenya yana matse kashin giwa a bakinsa don ya sami ruwa. Shekara guda da fara shirin, a 2007, jaridun Ingila suka fasa ƙwai: akwai dararen da masu kallo suka zaci a daji ya kwana, ashe a otel yake. Wani kwale-kwalen gora da aka nuna shi yana haɗawa, ma'aikatan shirin ne suka fara haɗa shi, suka warware, sannan ya sake haɗawa a gaban kyamara. Tashar ta amsa cewa ana taimaka masa a wasu wurare, daga nan kuma ta riƙa sa sanarwa a farkon shirin cewa shi da tawagarsa suna samun tallafi idan abu ya kai ga barazana ga rai. Ba wai mutumin ba jarumi ba ne, don ya hau ƙololuwar dutsen Everest tun yana ɗan shekara 23. Sai dai ganyen da ka ga ya tsinka kamar a kan hanya ya tsince shi, akwai masanin yankin da ke tare da tawagar, akwai kuma hanyar kwasar sa zuwa asibiti in ta ɓaci. Kyamara ba ta nuna maka waɗannan.

Akwai shirin da ya fi wannan kusa da gaskiya, sunansa Alone, wanda tashar History ta fara a 2015 a tsibirin Vancouver na ƙasar Kanada. Mutum goma ake rarrabawa a daji, kowa shi kaɗai, kowa da kayan aiki goma da ya zaɓa, shi zai ɗauki kansa a kyamara. Wanda ya fi daɗewa ya tafi da dala 500,000. To ko a nan, kowane ɗan takara yana riƙe da wayar tauraron ɗan'adam da zai kira a zo a ɗauke shi duk sa'ad da ya gaji, likitoci kuma suna zagayowa suna auna su. Abin lura a shirin shi ne waɗannan mutane ƙwararru ne, wasunsu sana'arsu ke nan koyar da zaman daji, amma rama ce ke cinye su a gaban idon mai kallo. A zango na uku da aka yi a yankin Patagoniya na Ajantina, wata mata ta kai kwana 86, likitoci suka cire ta ala tilas saboda jikinta ya zube ya wuce ƙa'idar da suka gindaya. Wanda ya ci gasar kwana ɗaya kacal ya ɗara ta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babban mutum yana buƙatar kalori wajen 2,000 zuwa 2,500 a yini, in yana aikin ƙarfi ma fiye. Kilo guda cur na ganye da ƙyar yake ba da 'yan ɗaruruwa. Ganye yana gyara jiki, yana ba da sinadaran da hatsi ba shi da su, amma ba ya riƙe mutum. Shi ya sa iyayenmu ba su taɓa cin tafasa ita kaɗai a matsayin abincin yini ba in da hali, sai an kwaɗa ta da ƙuli-ƙuli, ko an haɗa da gari ko tsaki.

Labarin da ya kamata kowane mai sha'awar irin wannan rayuwa ya sani shi ne na Christopher McCandless, wani matashi Ba'amurke da ya gama jami'a, ya kyautar da kuɗinsa, ya shiga dajin Alaska a watan Afrilun 1992. Yana da bindiga, da shinkafa kaɗan, da littafin da ke bayanin tsirran yankin. Ya sami wata tsohuwar motar safa da aka yasar ya mai da ita ɗaki. A watan Yuli ya yi niyyar fitowa, ya tarar kogin Teklanika da ya tsallaka da ƙafa ya cika ya batse, sai ya koma. A ƙarshen watan ya rubuta a kundinsa cewa ƙarfinsa ya ƙare, yana ɗora laifin a kan 'ya'yan wani dankalin daji da yake ci. A watan Satumba mafarauta suka tsinci gawarsa, nauyinta bai wuce kilo 30 ba. Shekararsa 24. Har yau masana suna muhawara ko guba ce a cikin 'ya'yan ta ƙarasa shi ko yunwa ce zalla. Abin takaicin, ƙasa da kilomita ɗaya daga inda kogin ya tare shi akwai wata igiyar ƙarfe mai kwando da ake tsallakawa da ita. Ba shi da taswirar da za ta nuna masa, babu kuma ɗan gari a tare da shi.

An rubuta littafi a kansa a 1996, aka yi fim a 2007, sai motar nan ta zama wurin ziyara. Mutum biyu suka nutse a kogin a kan hanyar zuwa ko dawowa, ɗaya a 2010 ɗaya a 2019, aka yi ta ceto wasu. A watan Yunin 2020 hukumomin Alaska suka gaji, suka sa jirgin soja ya ɗauke motar gaba ɗaya.

Yanzu a kwatanta da abin da ya faru a Kolombiya. Ranar 1 ga Mayun 2023 wani ƙaramin jirgi ya faɗi a dajin Amazon, manya ukun da ke ciki suka mutu, har da mahaifiyar wasu yara huɗu 'yan ƙabilar Huitoto da su ma suke cikin jirgin, su kuma suka tsira. Babbarsu 'yar shekara 13, sai mai 9, sai mai 4, sai jaririya 'yar wata 11. Kwana 40 suka yi kafin sojoji da 'yan asalin yankin masu bin sawu su gano su da rai. Sun fara da garin rogon da ke cikin jirgin, da ya ƙare suka koma ga 'ya'yan itatuwan da babbar ta sani tun tana ƙarama, abin da ta koya a hannun manyanta. Ga mai digiri da littafi da bindiga ya mutu, ga yarinya da goyo ta fito. Dajinsu ne, an nuna mata shi da hannu. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan ilimi kuma ba ya bin mutum zuwa wata ƙasa. A 2015 likitoci a birnin Hanoba na Jamus suka yi ta karɓar 'yan gudun hijira, galibinsu daga Siriya, waɗanda suka tsinci wani naman kaza mai kama da wanda suke ci a gida, alhali shi ne mafi kisa a duk Turai. Sai da aka buga takardun gargaɗi da harsuna daban-daban aka lilliƙa a sansanoni. A 2021 wasu yara biyu 'yan gida ɗaya daga Afganistan, mai shekara 5 da mai 6, suka rasu a Folan bayan an yi miya da irinsa. Gubar wannan naman kaza tana da makirci. Ba ta mutuwa da dahuwa, waɗanda suka ci suka tsira kuma sun ce yana da daɗi. Mutum zai ci ya tashi lafiya lau, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su sarƙe shi. Kwana guda ko biyu ya ji sauƙi, a ce Alhamdu lillahi ya warke, ashe a lokacin ne hanta take lalacewa. Rabin hular guda ɗaya ya isa ya kashe babban mutum. Kama da wane ba ta wane, kuma ɗalibi ko ɗan ci-rani ko ɗan bautar ƙasa da ya bar Arewa ya sauka a dazukan Kudu, ko ya tsallaka Turai, hukuncinsa ɗaya da na waɗannan bayin Allah.

Akwai wasu maganganu da ke yawo waɗanda ya kamata a yi watsi da su. Wai in ka ga tsuntsu ko biri ko akuya na cin abu, kai ma za ka iya ci. Ƙarya ne, cikin dabba ba irin na mutum ba ne. Wai guba kullum ɗaci gare ta. 'Ya'yan bini-da-zugu, wanda ake shinge da shi, gardi gare su kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke ci su ƙare a asibiti da amai da zawo. Akwai kuma gwajin da ake ambata a shirye-shiryen, wanda ya samo asali daga littafin horar da sojojin Amurka: ka goga a fata, ka taɓa a leɓe, ka ɗora a harshe, ka tauna, ka haɗiye ɗan kaɗan. A talabijin cikin minti guda ake gamawa. A littafin kuwa sai ka yi awa 8 ba ka ci komai ba, ka jira wasu 8 bayan ka haɗiye, ka ƙara ci ka sake jira, a kan sashe ɗaya na tsiro ɗaya. An tanade shi ne don sojan da ya rasa kowace mafita, kuma ba a yin sa da naman kaza sam. Su ma manhajojin waya masu gane tsiro ta hoto suna kuskure. A 2023 ƙungiyar masana naman kaza ta birnin New York ta yi gargaɗi a kan littattafan koyon cin tsirran daji da ake sayarwa a Amazon, waɗanda ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta su, babu hannun masani a ciki.

Mu dai ba baƙin abincin daji ba ne. Ɗinya, kanya, magarya, aduwa, goruba, taura, tsada, gawasa, gwandar daji, muruci, ga yaɗiya da tafasa da gasaya da lalo da kuka. Babu wanda ya koye su a talabijin, a bayan yayye da kakanni aka koya, ana kiwo ko ana itace. Kuma ilimin bai tsaya ga gane tsiro ba, har da sanin yadda ake sarrafa shi. Dubi anza, wadda ta riƙe mutane da yawa a Nijar a yunwar 2005, ta kuma riƙe mutanen Darfur a ta 1984. 'Ya'yanta ɗanye ɗaci ne da su mai tsanani, cin su haka nan cuta ne. Mata sukan ɓare su, su shanya, su jiƙa a ruwa, kullum a tsiyaye a zuba sabo, kwana da kwanaki, ana ɗanɗanawa har sai ɗacin ya fita, sannan a dafa. Matar da ta gajarta jiƙon saboda yara na kukan yunwa ko saboda rijiya ta yi nisa, ita ce ke jefa gidanta cikin haɗari. Haka rogo mai ɗaci yake, in ba a jiƙa shi ya tsima ba yana iya kisa. A ganina tsohuwar da ta san wannan ta fi duk jaruman Discovery cancantar a sa mata kyamara, sai dai ga shi nan irinsu suna ƙarewa, jikokinsu na birni kuwa ba sa iya bambance tafasa da rai-ɗore.

Masu kisan ma ba sai an je Alaska ba, suna bayan gida. Zaƙami yana tsirowa a bola da kangaye, wanda ya sha ko ya ci sai baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi, ya kama sambatu yana ganin abin da babu, wani daga nan sai suma. Idon zakara, jan ƙwayar nan mai ɗigon baƙi da yara ke wasa da ita, in aka tauna ko ɗaya ce tana iya halaka yaro. 'Ya'yan zurma haka. Ruwan tumfafiya da na tinya in suka shiga ido suna iya raunata shi. Ga kuma sabuwar matsala: ganyen da kowa ya san ana ci, in an tsinko shi a gefen gonar da aka yi wa feshin kashe ciyawa, ya tashi daga abinci.

Don haka iyaye, in za a kalli irin waɗannan shirye-shirye a gida, a zauna da yara a faɗa musu cewa wasa ne da aka tsara, akwai mutane a bayan kyamara. A kafa musu doka cewa ba a sa wani ɗan itace ko ganye ko saiwa a baki sai wanda babba ɗan wurin ya nuna da hannunsa ya ce ana ci. In kuwa tsautsayi ya gifta, kada a tsaya ɗura wa yaro manja ko madara ana jiran a ga abin da hali zai yi, kada kuma a zura masa yatsa a maƙogwaro. Wanda ya fita hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi komai ta baki. A ɗebi ragowar abin da aka ci, ko reshen tsiron da ganyensa da 'ya'yansa, a nufi asibiti mafi kusa nan take, a kuma tafi da duk wanda ya ci tare da shi, ko da yana cewa shi lafiyarsa ƙalau.