Manta-uwa: Furen da ke Zaune a Kan Itace Bai Ci Hakkinsa ba

Duk wanda ya tashi a Batsari ko Safana ya san kauci, tsiron nan da ke maƙalewa a reshen ɗorawa ko kaɗanya yana zuƙe mata ruwa. Shi ya sa da mun hangi wani tsiro a saman itace sai mu ce kauci ne. To amma kama da wane ba ta wane. Akwai wani mai zama a can sama da ba ya cin komai a jikin mai masaukinsa. Hausawa na kiransa manta-uwa, ko da yake akwai wasu tsirran da ke amsa wannan suna, masana kuma suna ce masa Ansellia africana.

Ɗan dangin okid ne, babban gida mai nau'i sama da 25,000 a duniya, wanda banilar da ake ƙamsasa kek da ita ma a cikinsa take. Sunansa na kimiyya ya samo asali daga John Ansell, wanda ya tsinto shi a tsibirin Fernando Po lokacin da ya biyo ayarin Turawan Ingila da suka shigo kogin Kwara a 1841. A 1844 masani John Lindley ya raɗa masa sunan.

Karansa kamar na rake yake, gaɓa-gaɓa, kuma a ciki yake ajiye ruwan da zai ci rani da shi. Furensa rawaya ne mai ɗige-ɗigen ruwan ƙasa kamar fatar damisa. Abin mamakin yana ga saiwarsa. Wasu suna riƙe ɓawon itace, wasu kuma farare, sirara, sai su miƙe sama su yi kamar kwando. Ganyen da ya kaɗe da ƙura su taru a ciki su ruɓe, shi ne takinsa. Wato da sharar itacen yake rayuwa, ba da jininsa ba.

Irinsa kuwa gari ne kamar ƙura, ba shi da guzurin abinci irin na ƙwayar gero ko wake. Ba zai tsira ba sai ya dace da wata irin funfuna da za ta ciyar da shi. Saboda haka yaɗuwarsa a daji a hankali take, kuma ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin tsirran da ke fuskantar barazana, sakamakon yawan cirarsa don magani da ado, da kuma sare itatuwa.

Ya fi samun sakewa a dazuzzukan da suka fi namu laima, amma da yake yana jure fari, mai sha'awa zai iya renonsa a nan. Kada a binne shi a ƙasa, saiwar za ta ruɓe. A sami tukunyar ƙasa mai huje-huje, a zuba gutsattsarin gawayi da ɓawon itace, a ɗora tushe mai kara uku ko huɗu da aka raba daga wanda ake reno, ba na daji ba. A rataye shi ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya, inda hasken safe zai same shi, ranar tsaka kuma ba za ta ƙona shi ba. Da damina a bar shi ya sha, in hunturu ya shigo a rage ruwa, a dai riƙa yayyafa masa saboda busasshiyar iska.

Irin waɗannan tsirrai ba su da gida sai tsohon itace. Duk kukar ko tsamiyar da ta faɗi a dajin Rugu, ko maɗacin da ya koma buhun gawayi a hanyar Runka, ba shi kaɗai ya tafi ba, har da duk abin da ke zaune a rassansa. Kafin ka ɗaga gatari, ɗaga kai tukuna.